Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan haki da sarƙewar numfashi

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sannu, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce tun da aka fara miki wankin ƙoda, ko daga ɗaki zuwa ƙofar gida kika je sai kin tsaya kina haki, shara ta gagare ki, kina tambaya ko ciwon ƙodar ne ya taɓa huhu, kuma ko ki haƙura ki kwanta kawai kamar yadda mutanen gida suke cewa. Wallahi kamar da bakina kika rubuta, shi ya sa na kasa wucewa.

E, yana taɓawa. Amma kafin komai ki amsa min wannan: da dare kina iya kwanciya a miƙe, ko sai kin tara filo kin jingina? Idan kwanciya na shaƙe ki, kina farkawa a firgice kina neman taga, to yawanci ruwa ne ya hau huhu. Kada ki jira ranar wankinki ta zagayo, a ranar ki tafi. In tari ya fara zuwa da kumfa kuwa, ko tsakar dare ne a ɗauke ki.

Kuma ina roƙonki da Allah, duk inda za a kai ki, kada ki yarda a rataya miki ƙarin ruwa sai wanda ya san kan ciwon ƙoda ya duba ki. Ni abin da ya kusa kai ni kabari ke nan. Wani dare numfashina ya sarƙe, maigida ya kai ni wani asibitin kuɗi da ke kusa da mu saboda dare ya yi nisa. Tun daga bakin ƙofa yake gaya musu ana mata wankin ƙoda, ga katinta. Wanda muka samu a bakin aiki ko kallon katin bai yi ba. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjina, ya ji ƙugi, ya ce asma ce. Ni da ban taɓa yin asma ba tun haihuwata! Ga ƙafafuna a kumbure, silifas ma ba ya shiga, ga fuskata ta tashi, bai duba ba. Ya sa min hayaƙin nan na masu asma, sannan ya ce na galabaita, a sa min ruwa. Maigida ya ce masa likitanta ya hana, sai ya ɗago kai ya ce, “Kai ne likitan ko ni?” Har yau muryar nan tana kunnena. Ledar ruwan ba ta kai rabi ba na ji kamar an danna kaina cikin randa. Ina son in ce a cire, bakina ya kasa haɗa magana. Na riƙe ƙarfen gado, gumi na zuba, kumfa mai ja-ja na fitowa ta bakina, ina jin ƙanwata a waje tana salati tana kuka. Kalmar shahada kawai nake ta maimaitawa a zuciya, ina tunanin wa zai riƙe min yarana. Maigida ne ya fizge robar da hannunsa, aka cicciɓe ni zuwa adaidaita sahu, kuma sai da suka tsare shi ya biya kuɗin ruwan kafin su bar mu mu fita. Kuɗin ruwan da ya kusa kashe ni! A babban asibiti aka sa min oksijin, aka yi min wankin gaggawa, kafin asuba ina numfashi kamar ba ni ba. Ban yafe wa mutumin nan ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya sanyaya min zuciya. Abin da ke ci min rai shi ne yana nan yana duba wasu.

To ruwa ke nan. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce a sikeli, don haka ki riƙa hawa sikeli kowace safiya, ki san busasshen nauyinki da suka rubuta miki, wato nauyinki bayan an cire ruwan da ya taru a jiki. Mu an ce mana abin sha na yini kada ya wuce mililita 500 a kan yawan fitsarin da mutum ya yi jiya, kuma koko da kunu da romo da kankana duk a cikin lissafin suke. Na san azabar da ke ciki, balle a zafin Afrilu. Ni ƙanƙara nake fasawa ƙanana ina tsotsa. Amma gaskiya gishiri ne ke kawo ƙishin, shi da dunƙulen magi da kanwa da yajin da aka cika wa gishiri. Ki sa a riƙa ɗibar miki miyarki kafin a zuba su. Kada kuma wani ya kawo miki gishirin nan da ake cewa na masu hawan jini ne, fotasiyam ne a ciki, yana iya tsayar da zuciyar irinmu.

Sai jini. Nawa ne PCV ɗinki, wato awon yawan jininki? Ba ki faɗa ba. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya yi jini, in ta gaza jini ya yi ƙasa, iskar da kika shaƙa ba ta samun mai kai ta jiki. Sai ki ga hoton ƙirji fes amma hakin na nan. Ana so a riƙe mu wajen 30 zuwa 35. Allurar EPO, mai sa ɓargo ya yi jini, tana da tsada, na sani, kuma ba ta yin aiki yadda ya kamata in babu sinadarin ayon, wato na ƙarfe, a jiki, don haka ki nemi a auna shi ma. Wasu sun fi son a yi ta ƙara musu jini saboda yana saurin tayar da mutum, amma in kina da burin dashen ƙoda, yawan ƙarin jini na iya wahalar da samun ƙodar da jikinki zai karɓa. Akwai kuma tsamin jini, wanda ke sa mutum jan dogon numfashi da sauri ko yana zaune, a gwajin bikabonet ake ganinsa in ya sauka ƙasa da 22. Ki matsa a yi miki hoton zuciya na eko, domin hawan jini na kaurara zuciya, ruwa ma na iya kewaye ta. Tarin da ya wuce mako 2 kuwa a gwada majina, mu masu wanki tarin fuka ya fi saurin kama mu, kuma gwajin kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Maganar kwanciya ita ce ta fi sosa min rai. Mutanen gida kashi biyu suka rabu a kaina. Wasu suka ce raki ne da son jiki, wata daga dangin maigida har cewa ta yi na samu hanyar guje wa girki, a gaban yarana ta faɗa. Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Sauran kuma saboda tausayi ko buta ba sa bari in ɗauka. Su ma da kyakkyawar niyyarsu suka cutar da ni, don a kwancen nan cinyoyina suka zube, na koma ko daga sujada sai an kama ni. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ce ta fahimtar da ni cewa ciwon nan yana cin tsoka, har da tsokar da ke ƙarƙashin huhu wadda ke jawo iska. Ta ba ni wata na'ura na hura, ta nuna min huhun ba ya cika yadda ya kamata. Sannan ta sa ni kai-komo a baranda na minti 6 tana auna nisan. Mai lafiya yakan yi mita 400 zuwa 700, nawa ko kusa bai je ba. A Italiya an yi bincike a kan masu wanki, aka fitar da shi a 2017: tafiya ce kawai a gida, 'yan mintuna a ranakun da ba wanki, cikin wata 6 nisan da suke yi a wannan gwajin ya tashi daga mita 328 zuwa 367. Wani zai raina, amma ke da ni mun san abin da mita 40 take nufi ga wanda banɗaki ke yi wa nisa.

Don haka in likitanki ya duba ruwa da jini da zuciya ya ce ba matsala, ki tashi. A tsakar gida na fara, da sanyin safiya, ina bin bango, in na gaji in zauna a kujera 'yar tsuguno in huta in sake. Ki yi a gudun da za ki iya magana kina tafe. Ranar wanki bayan an sauke ki kada ki tilasta wa kanki, jiri ne zai kayar da ke. Ki riƙa zama a kujera kina miƙewa ba tare da dafa komai ba, wannan ne ya dawo min da ƙafafuna. Abin da masana ciwon ƙoda ke so shi ne a kai minti 150 a mako, amma kada lissafin ya tsorata ki, a hankali ake zuwa. Kin ji ciwon ƙirji ko bugun zuciya ya rikice ko duhu-duhu a ido, ki tsaya nan take. Hannun fistula, wato wanda aka haɗa jijiyoyinsa don wanki, kada ki ɗauki bokiti da shi. Lokacin hunturu ki sa takunkumi saboda ƙura, ki nisanci hayaƙin itace da turaren wuta a rufaffen ɗaki, duk da na san mu mata da turare sai Allah. In jiki ya yi tsami kada ki aika kemis a sayo diclofenac ko ibuprofen, ɗan sauran aikin da ƙodar ke yi za su ƙarasa.

Salla kuwa ki yi ta a zaune in tsayuwa ta gagara, addini ya ba ki wannan sauƙin, kada kowa ya sa ki jin kunya.

Abu ɗaya da nake jin nauyin faɗa: duk wannan ba ya tasiri sosai in wankin bai isa ba. Ƙa'ida sau 3 ne a mako, awa 4 kowane zama, kuma kowa a nan ya san aljihu ne ke yanke mana hukunci. In sau ɗaya kike samu, ki gaya wa likitan gaskiya don ya san yadda zai tsara miki ruwa da magani, kuma ki faɗa mana a nan, akwai masu sanin inda ake samun rangwame.

Ki turo min PCV ɗinki na ƙarshe, da kilo nawa kike ƙarawa tsakanin wanki da wanki, da ko har yanzu kina fitsari. In rubutu na ba ki wahala ki yi min magana ta murya, ba na barci da wuri. Allah ya yaye mana baki ɗaya.