Ku Tambayi Masu Gyara: Injin Wanki Mai Ƙofa a Gaba

Assalamu alaikum. Mu bakwai ne a gida kuma wanki ya fi ƙarfina. Na ɗan tara kuɗi, amma ba su kai na sabon inji babba ba. Shin in sayi na hannu, ɗan Beljiyam, ko in haƙura da sabo ƙarami? Ruwan bohal muke amfani da shi ta tanki. Maman Sadiya, Birnin Kebbi.

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki shiga kasuwa, fara duba gidanki, domin a yankin nan wuta da ruwa su ne suke kashe injin wanki tun kafin ya tsufa.

Irin wannan inji ba a zuba masa ruwa da bokiti. Da kansa yake ja ta tiyo, kuma yawancinsu suna son ƙarfin ruwa na aƙalla rabin "bar" (ma'aunin ƙarfin ruwa), wato tsayin kusan mita 5 daga ruwan tanki zuwa inda injin yake zaune. Idan tankinki a kan ɗan dakali yake, injin zai yi ta jiran ruwa har ya gaji ya tsaya. Ko dai a ɗaga tankin, ko a sa ƙaramin famfon ƙara ƙarfi mai kunna kansa. Kowane wanki yana cin lita 45 zuwa 60, kusan jarka biyu ke nan ko da ɗoriya, idan lissafin 'yan garuwa za a yi.

Ta ɓangaren wuta, hitar da ke cikinsa ita kaɗai tana jan wat 1,800 zuwa 2,200. A ja masa soket nasa da waya mai kaurin 2.5mm², a haɗa wayar ƙasa, kada a jona shi a ekistenshan ɗin da ake cajin waya. Sannan ki ware kuɗin sitabilaiza mai ƙarfin 5,000VA, ko aƙalla na'urar nan da ake sa wa firiji mai jinkirta wuta idan an kawo ta. Ƙwaƙwalwar injin, wato allon lantarkin da ke sarrafa shi, tana cikin abin da ya fi tsada a jikinsa, kuma ɗauke wuta da dawo da ita da ƙarfi ne ke ƙona ta.

Gidan mutum bakwai yana buƙatar mai kilo 7 ko 8, kuma busassun kaya ake nufi da kilon. Mai kilo 5 zai sa ki wanki sau uku a rana, ya mutu da wuri. Kada ki biya kuɗin mai busarwa. Ranar Kebbi ta ɗauke miki wannan nauyi kyauta. Gudun matsewa na juyi 1,000 ko 1,200 a minti ya wadatar.

Na hannu ba laifi ba ne, in dai an gwada shi a gabanki da ruwa da wuta har ya gama zagaye guda, ko da gajeren wankin minti 15 ne. Mai kayan da ya ce "ai yanzu aka sauke shi, garau yake" amma ya ƙi jonawa, ki bar masa kayansa. Buɗe ƙofa ki juya gangar da hannu: ta juya shiru, ba ƙugi. Kama bakinta ta sama ki ɗaga. Idan ta yi wasa ita kaɗai tana ƙwas-ƙwas, boris ya tafi ko ƙarfen da ke riƙe ta a baya ya tsage. Ɗaga leɓen robar ƙofa ki duba yaguwa. A leƙa ƙarƙashi da fitilar waya, a ga ko akwai tsatsa ko jan layin ruwa a bayan baho, wato mazubin da ganga ke juyawa a cikinsa. A karanta takardar da ke manne a baya: ana son ƙarfin wuta na 220V zuwa 240V, da 50Hz. Na Ingila da Jamus sun dace da wutarmu, na Amurka mai 120 kuwa wahala ce kawai. Ki tambayi mai gyaran unguwarku irin wanda yake samun kayansa cikin sauƙi. LG da Samsung da Hisense sun fi yawa a kasuwa, don haka kayan gyaransu ba sa wuyar samu kamar na wani baƙon suna.

Idan sabo kika saya, akwai manyan notina 3 ko 4 a bayansa da suke ɗaure ganga saboda tafiya. Dole a kwance su kafin wankin farko, in ba haka ba injin zai yi ta tsalle har ya lalata kansa. Ki adana su don ranar ƙaura.

Injina LG ne. Yana kaiwa wajen zubar da ruwa sai ya tsaya ya rubuta OE, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Wani mai gyara ya ce ƙwaƙwalwa ce. Malam Bello, Gusau.

Malam Bello, kada ka yi saurin biya. OE yana nufin ruwa bai fita ba cikin lokacin da aka ɗibar masa. A Samsung 5E ko 5C yake rubutawa. Mafi yawan lokuta toshewa ce.

Zare fulogi. A ƙasan injin ta gaba akwai 'yar murfi. Buɗe ta za ka ga ɗan siririn tiyo da wani murfi mai murɗawa. Ajiye faranti mai faɗi, cire toshiyar siririn tiyon, ka bar ruwan ya tsiyaye, kana juyewa kana mayarwa, don zai iya kai lita 10 ko fiye. Sai ka murɗe babban murfin zuwa hagu ka zaro matatar. Abin da aka saba samu a nan: maɓalli, fil ɗin hijabi, tsinken sakace, safar yara, ƙwallon dabino, da yashi. Sa yatsa cikin ramin ka taɓa 'yar farfelar famfon. Idan tana juyawa da ɗan tirjiya, lafiyarta lau. Idan ta cije, zare ne ya naɗe ta. Duba kuma tiyon baya ko ya lanƙwashe, kuma bakinsa ya kasance tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa.

Idan duk wannan ya yi daidai amma famfon yana gurnani ba ya ja, ko ya yi tsit, famfon ne ya mutu. Ana canja shi shi kaɗai, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na ƙwaƙwalwa ba. Ƙofa kuwa kada a ɓalle ta da sukudireba. Tana sakin kanta minti biyu zuwa uku bayan ruwa ya fita.

Idan nawa yana matse kaya sai ka ce jirgi ne zai tashi, har maƙwabta suna ji. An ce boris ne. Ya cancanci gyara? Hauwa'u, Argungu.

Ƙara iri biyu ce, Malama Hauwa'u. Idan bugu ne, dum-dum, injin yana tafiya a ƙasa, to ko ƙafafunsa ba su daidaita ba, ko shokazoba ta saki, ko bargo guda aka sa ya taru gefe ɗaya. Wannan gyara ne mai sauƙi. Idan kuwa ƙugi ne mai ƙaruwa da gudun ganga, kuma kina jinsa ko da hannu kika juya ta, boris ne. Robar da ke tare ruwa ce take fara lalacewa, ruwa ya shiga ya wanke giris, tsatsa ta kama. Cika kaya fiye da kima da yawan kumfa suna gaggauta hakan.

Boris biyu ne, a canja su tare da robar, a shafa giris mai jure ruwa. Wanda ya canja boris ya bar tsohuwar roba, bayan 'yan watanni zai sake kwance injin. Sai dai ki sa a duba bahon tukuna. Idan da notina aka haɗa shi, gyara ya halatta. Idan narke shi aka yi aka like, sai an yanka da zarto a sake likewa, kuma ba kowane hannu ne ke yin wannan ba tare da yoyo ba. Idan an buɗe aka tarar ƙarfen bayan ganga ya ruɓe, ko kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wani injin, mu dai shawararmu a sayar wa masu kayan gyara. Ki daina wanki da shi har a duba, don ruwan da ke ɗiga zai iya kaiwa ga moto.

Janareta na mutuwa da zarar injin ya ɗan yi aiki. Kuma wane omo ya dace? Alhaji Sani, Talata Mafara.

Hita ce, Alhaji. Zaɓi wankin ruwan sanyi, hitar ba za ta kama ba, sai janareta mai 2.5kVA ya ɗauke shi. Ruwan tanki a bazara ai da ɗuminsa yake zuwa. Ƙaramin janaretan nan na fitila da fanka kuwa kada a gwada.

Omon wankin hannu kumfa gare shi da yawa. A nemi wanda aka rubuta na inji ne, cokali biyu zuwa uku na cin abinci ya isa. Tunda ruwan bohal kan bar farin dutse a jikin hita, duk wata uku, ranar da wutar gari ta zauna, a zuba giram 100 na garin sitirik asid a ganga ba kaya, a kunna a zafin 60. Bayan kowane wanki a goge cikin robar ƙofa, a bar ƙofar a ɗan buɗe ta sha iska.