Erpice: haƙoran kyarkeci a bayan tarakta

Kai yaro, tambayarka ita ce me ya sa aka rubuta "erpice" a jikin haron nan, abin farfasa ƙasar gona da tarakta ke ja. Tunda yau ka ɗaga kai daga waya, saurara.

Italiyanci ne, kuma c ɗin irin tamu ce, karanta shi yadda ka gan shi. Asalinsa Latin, hirpex, katako mai haƙora da shanu ke ja don farfasa ƙasa. Masana harshe suna danganta shi da hirpus, wato kyarkeci a bakin Samniyawa, mutanen tsaunukan kudancin Italiya. Yankin Irpinia, wajen Avellino, daga nan sunansa ya fito, haka ma "herse" na Faransawa. Haƙora aka kalla aka raɗa sunan.

Iri biyu za ka riƙa gani. Erpice a dischi shi ne na faifai, ja kawai ake yi, ko ɗan koyo na sati guda ya san shi. Erpice rotante kuwa haƙoransa a tsaye suke, PTO ke juya su, wato sandar da ke juyawa a bayan tarakta, wadda ake haɗa shaf ɗin haron da ita. Duba farantin jikinsa: 540 ne ko 1000, wato juyin PTO a minti ɗaya. Shaf ɗin 540 yawanci tsaga 6 gare shi, na 1000 tsaga 21.

Rotanten nan ne ya jawo wa garejin nan asara. A kan shaf akwai bol guda da aka yi shi don ya karye idan haƙori ya ci dutse ko kututture, giya ta tsira. Wani mai gona ya karya uku a wuni ɗaya, don gonarsa sabon sharewa ce, saiwoyi ko'ina. Maimakon ya tone su, sai direbansa ya zura bol ɗin kan inji, ƙarfe mai taurin tsiya. Kututture na gaba bol bai karye ba, giya ce ta karye, ɓaraguzanta suka bi mai suka cinye na kusa da ita. Mai gonar ya dawo yana rantsuwa wai gyaranmu ne, ya hana cikon kuɗin aiki. Bol ɗin kan injin ma a aljihun direban aka gan shi! Har yau in mai gonar ya hango ƙofar nan sai ya sauya hanya.

Lambar da ke kan bol ɗin asali, ita za ka mayar, kada ka ƙara ko ɗaya. Kuma kashe PTO kafin ka ɗaga haron sama a kwana, in ba haka ba kuros ɗin shaf, gaɓar da yake lanƙwasawa, zai tafi. Yanzu je ka duba man giyar.