Sai da izinin ƙaramar hukuma zan ɗora sola a gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni malamin makaranta ne a Argungu. Na fi shekara ina tari don in sa sola a gida saboda firij da fanka da injin rijiyar burtsatse. Wani ya ce sai na je sakatariyar ƙaramar hukuma na karɓo takarda, wani ya ce ba ruwan kowa. Ɗana kuma ya ce a Amurka kwamfuta ce ke ba da izinin nan take. Wanne zan ɗauka? Kuma irin wannan tsari zai yi mana amfani a Kebbi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa abin da aka tara albarka.

Bari in fara sauke maka nauyin sakatariya. Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwa, tasha, mahauta, maƙabarta, kwashe shara, raɗa wa tituna suna, sa wa gidaje lamba, karɓar kuɗin gidaje. In ban da fitilun kan titi, babu wutar lantarki a ciki. Mai kula da harkar wuta a ƙasa ita ce hukumar NERC, kuma a ƙa'idarta wanda zai samar da wuta don amfanin kansa sai ya haura megawat 1, wato kilowat 1,000, ake neman ya karɓi izini. Solar gida irin taka ba ta cika wuce kilowat 3 zuwa 5 ba, wato ko kusa da bakin iyakar ba ka je ba. Inda hukuma za ta iya shigowa shi ne idan aikin ya taɓa gini, misali za ka tayar da rumfar ƙarfe a bakin titi ko ka ɗora wani abu a kan bene, nan maganar ta koma ta masu tsara gari, irin su KUDA, hukumar raya birane ta jihar Kebbi. Saboda haka duk wanda ya zo maka da maganar kuɗin izinin sola, ka tambaye shi dokar da ta ce haka cikin mutunci, ka kuma nemi rasit.

Ɗanka ma gaskiya ya faɗa. A yawancin garuruwan Amurka ba a ɗora farantin sola a kan rufi sai hukumar gari ko gunduma ta duba zanen aikin, kuma hukumomin dubbai ne, kowace da fom ɗinta da kuɗinta. Mai aiki kan yi makonni yana jiran sa hannu, wani mai gidan har ya gaji ya fasa. An lissafa cewa kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin solar gida a can ba na kaya ba ne, na ƙwadago ne da talla da takardu da jira. Shi ya sa cibiyar binciken makamashi ta gwamnatinsu, NREL, ta fito da manhajar SolarAPP+ a 2021. Mai lasisin aiki zai shigar da irin faranti da inbata (na'urar da ke juya wutar faranti ta koma irin ta gida) da kaurin waya da yanayin rufi, manhaja ta gwada su da ƙa'idar gini da ta lantarki. In sun dace, izini ya fito a take. In ba su dace ba, ta nuna masa inda ya kuskure. A 2022 jihar Kalifoniya ta yi doka ta tilasta wa yawancin biranenta su koma irin wannan tsari. Abin da mutane ke mantawa shi ne bayan an gama aiki, sufeto na zuwa da ƙafarsa ya duba. Jira manhajar ta kashe, ba dubawa ba.

To a nan ne hanyarmu ta rabu da tasu. Su ciwonsu jinkiri, mu ciwonmu ba mai dubawa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama sai dole, kowa ya koma sola, kuma duk yaron da ya iya haɗa soket ya zama injiniya. Ban ga laifinsu ba, neman halal suke yi, amma wutar faranti ba wutar NEPA ba ce.

Bara cikin hunturu aka kira ni wani gida a Birnin Kebbi. Inbata sabuwa fil, ko wata biyu ba ta yi ba, ta yi ƙara da sassafe ta mutu, ɗakin duk ƙaurin roba. Maigidan ya rantse jabu aka sayar masa. Na hau kwano na leƙa bayan faranti, na sauko na karanta jikin inbata. Farantai 10 ne masu wat 550 aka jera a layi ɗaya, kowanne na ba da kusan bolt 49.5 idan ba a jan wuta, jimla 495. Inbatar kuwa iyakarta 500. Wanda ya haɗa ya ga akwai rarar 5, ya ce shi ke nan. Bai san faranti na ƙara bolt idan ya yi sanyi ba. Safiyar hunturu da sanyi ya sauka zuwa digiri 15, ƙarin ya kai kusan kashi 3 cikin 100, layin ya haura 500, inbata ta ƙone. Da an raba su gida biyu, biyar-biyar, da har yau tana aiki. Mutumin nan shanu ya sayar ya yi aikin. Har yanzu in na tuna fuskarsa sai raina ya ɓaci, domin lissafin da zai cece shi bai kai na minti ɗaya ba.

Irin wannan lissafin shi ne abin da manhaja ta fi mutum iyawa. Ba ta gajiya, ba ta jin kunyar ce wa babba ya yi kuskure, ba ta karɓar na goro. Za ta iya gane cewa waya ta yi siriri ga ƙarfin da za ta ɗauka, ko an sa birekar wutar NEPA a layin faranti, alhali tartsatsin wutar faranti in ya kama ba ya mutuwa da kansa. Za ta tambaya ko an binne ƙarfen atin da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, ko an sa abin kariyar tsawa. Za ta kuma dage a kan makunnin sauya layi, don kada inbatarka ta tura wuta cikin layin Kaduna Electric a lokacin da ma'aikaci ke kan falwaya yana zaton an ɗauke.

Amma akwai abin da ba za ta gani ba. Farantin wat 550 ya haura mita 2 a tsawo, nauyinsa ya doshi kilo 28. Kai da ke Argungu ka san guguwar farkon damina, yadda take yaye kwano ta kai shi gidan maƙwabci. Kwamfuta ba za ta san gara ta cinye katakon rufi ba, ko an ɗaure faranti da wayar ɗaurin rodi a maimakon noti. Ba za ta ji zafin ɗakin da aka cusa batir ba a watan Afrilu, lokacin da gari ke haura digiri 40, ga batir mai ruwa na fitar da iskar da ke kama wuta. Wannan sai ido.

Don haka ra'ayina, kuma na daɗe a kansa, shi ne ina son manhajar amma ina tsoron izinin. Mun san yadda takarda ke zama shinge a ƙasar nan: yau an ƙirƙiro ta don kare rai, gobe 'yan kamasho sun kewaye ta, jibi talaka ya koma sa aikinsa da dare. In za a yi a Kebbi, a yi rajista kyauta ta wayar hannu, da Hausa, mai aiki ko da intanet ya yi rauni, domin mutumin Kangiwa ko Illo ba zai yi tattaki zuwa Birnin Kebbi don farantai huɗu ba. Nauyin cikewa ya hau kan mai haɗawa, ba mai gida ba, a ɗaure shi da shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa duba ayyukan lantarki. 'Yar solar fitila da cajin waya a ƙyale ta gaba ɗaya. Kuma manhaja ɗaya ta ishi jiha, ba a ce ƙananan hukumomi 21 kowace ta yi tata ba, don abin da ya wahalar da Amurka ke nan. Hurumin yin haka ya samu, tun da gyaran tsarin mulki da Dokar Wutar Lantarki ta 2023 sun ba jihohi damar tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Inda ƙaramar hukuma za ta fi amfani shi ne aikin da tsarin mulki ya riga ya ba ta, wato sa wa gidaje lamba. Sufeto ba zai je duba aiki a adireshin da ya ce bayan masallacin Juma'a kusa da mai shayi ba.

Kai kuma, Malam, kada ka jira wannan. Abin da ya fi damuna a tambayarka injin rijiya ne, domin lokacin tashi yana jan ninkin wutar da aka rubuta a jikinsa sau da dama, kuma shi ke yawan kayar da ƙaramar inbata. Ka sa mai aikin ya rubuta maka lissafinsa a takarda ya sa hannu kafin ka biya ko sisi, ka hau da kafinta ku duba katakon rufin tare. Sannan ka ɗauki hoton takardar da ke manne a bayan faranti, da ta jikin inbata, da ta injin rijiyar, ka turo mini in duba maka kafin a ɗaura waya ko ɗaya.