Tambaya da Amsa: Hantsar Goɗiyata Ta Kumbura Bayan Yaye

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, Allah ya ƙara basira. Dan Allah goɗiyata ce na yaye mata ɗan dukushinta sati 2 da suka wuce, kawai sai ɓangare ɗaya na hantsarta ya kumbura yayi tauri ga zafi, in ka kai hannu sai harbi, har tana ɗingisa ƙafar baya ta wannan gefen. Na mata allurar da nake wa shanuna kwana 3 ya ɗan saɓe kuma yanzu ya dawo har da mugunya. Wai dama doki na ciwon hantsa ne? — Wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam malam, Allah ya ba ta lafiya. Eh suna yi, sai dai bai kai na shanu yawa ba, saboda hantsar goɗiya ƙarama ce a ɗame take can tsakanin cinyoyi, kuma dukushi ba ya barin nono ya taru, a awa ɗaya ma yakan sha sau da yawa. To da aka yaye shi sai nonon ya kwanta, ga ƙudaje na bin kan nonon, shi yasa galibi a wannan lokacin ake ganin ciwon.

Ƙwayar bakteriyar da ta fi kawo shi sunanta Streptococcus zooepidemicus, ita yawanci tana jin penisilin. Amma abin da ya tsaya min a rai a bayaninka shi ne ya lafa ya dawo. Akwai irinsu Klebsiella da Pseudomonas da penisilin ba ya musu komai, akwai Corynebacterium mai yin ƙurji ta tara mugunya can ciki inda allura ba ta kaiwa sosai, har Listeria an taɓa samu a hantsar goɗiya duk da ba kasafai ba, kuma gaskiya da ido babu wanda zai bambance maka su ko shekara nawa yayi yana aikin nan. Don haka dan Allah a daina canke, ka kira likitan dabbobi ya wanke kan nonon ya tatsi kaɗan a kwalba mai tsafta a kai lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, su raini ƙwayar da ke cikin nonon su ga wace ƙwaya ce da maganin da ke kashe ta. Ka faɗa masa sunan allurar da ka yi da ranar ƙarshe, don tana iya ɓoye sakamakon.

Kafin nan kana gasa mata da tsumma da ruwan ɗumi, ka tatse gefen sau 3 ko 4 a rana, a hankali, wani na riƙe da ita kai kuma ka tsaya ta gefen kafaɗa kar ta ɓalla ka. Kowane kan nono ƙofa 2 gare shi kuma kowace da nata ɓangaren, ka duba ka ga duka suna fitarwa. A kori ƙuda, a share turke, a rage mata hatsi. Nonon nan kar kowa ya sha, ka wanke hannu da sabulu, don wasu ƙwayoyin suna kama mutum.

Ka auna zafin jikinta safe da yamma, in ya haura digiri 38.5 a ma'aunin Celsius ko ta ƙi cin abinci ko kumburin ya bi ƙasan ciki, to kar a kai gobe, a ranar likita zai zo.