Fenti yana ta ɓarewa a gindin bango, tayil zamu sa ko fulawowina ne matsalar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Shekara uku kenan da muka tare a gidanmu, na sa aka zuba min ƙasa da taki a jikin bangon ɗakin baccinmu ta waje na shuka fulawowi, kullum safe da yamma ina basu ruwa da tiyo. To tun bara fentin ɗakin ta ciki ya fara kumbura yana ɓarewa daga ƙasa har kusan gwiwa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa, ga warin danshi. Sau biyu ana sake fenti yana dawowa. Mai fenti yace a sa fentin mai, maigida yace a manna tayil kowa ya huta, ni kuma zuciyata na bani fulawowin ne amma wallahi bana son rabuwa dasu. Ya zamuyi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya, amma ki kwantar da hankalinki ba sai kin rabu da fulawowin ba, wuri kawai zasu canza. Abinda zan roƙa tun farko shine a dakatar da maganar tayil da fentin mai ɗin nan tukunna, dan duka biyun ɗaure ciwo ne da ƙyalle alhali ƙayar tana ciki.

Bari in miki bayanin abinda ke faruwa a cikin bangon. Bulo da filasta a ido kamar dutse suke amma cike suke da ƙananan ƙofofi, suna tsotsar ruwa yadda lagwani ke jan mai zuwa sama. Shi yasa lokacin gini ake shimfiɗa leda mai kauri ko kwalta a saman fandisho kafin a ci gaba da ɗora bulo, magina suna ce masa di-pi-si, aikinsa ya tare danshin ƙasa kar ya hau. Ƙa'idar ita ce wannan layin ya kasance sama da ƙasar waje da aƙalla santimita 15, wato wajen inci 6. To ranar da aka zuba ƙasar fulawa a jikin bango, in tudun ya kai layin nan ko ya haura shi, shikenan an yiwa ruwa gada, sai ya tsallake ledar ta gefe ya shige bango, ga ki kuma kina ƙara masa da tiyo sau biyu a rana, ga taki da dama riƙe laima ne aikinsa, kinga a shekara ukun nan bangon bai taɓa samun rana ɗaya da ya sha iska ba.

Farin garin nan kuwa gishiri ne da ruwan ya narkar daga ƙasa da siminti da takin kansa ya hau dashi. In ruwan ya bushe a fuskar bango gishirin baya tafiya, nan yake taruwa ƙarƙashin fenti yana tura shi har ya kumbura ya fashe. Yadda kika ce abin ya tsaya kusan gwiwa ma alama ce, danshin da ke hawa daga ƙasa da wuya ya wuce mita 1 ko ɗan fiye. Yanzu ki duba, in aka shafa fentin mai ko aka manna tayil an toshewa ruwan hanyar fita, shi kuma bazai daina shigowa ba, sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman layin tayil ɗin ko ya zagaya bangon da ke kusa, wani lokacin tayil ɗin ma ya fara ƙarar holoƙo in an ƙwanƙwasa, daga baya ya riƙa saki ɗaya bayan ɗaya.

Amma kar a ɗora komai akan fulawa ba a bincika ba, dan sau da yawa ɓarawon ba ɗaya bane. Ki sa a tone ƙasar da ke jikin bangon a wuri ɗaya a nemo layin ledar a ga ina yake. Akwai wani gida da aka kira ni, mai gidan ya gaji da kashe kuɗin fenti har yana zargin an cuce shi a siminti, na ɗauki shebur na ɗan yaye ƙasar bayan ɗakin sai ga bakin baƙar ledar can ƙasa, ƙasa ta rufe ta da fiye da tafin hannu biyu, filastar wajen kuma in ka danna da yatsa sai ta marmashe kamar garin yashi, ga hanyar gara ta bi bayan ganyen shukar da ke jikin bangon ta haura har gindin taga ba wanda ya lura. Abin ya dame ni ranar, dan da an ƙara shekara ɗaya gara ta gama da katakon tagar.

Sai ki duba sama. In rufin yana zubo ruwa kai tsaye a gindin bangon nan, babu indararo ko ya toshe da ganye, to wannan ma kaɗai ya isa. Lissafin mai sauƙi ne, milimita 1 na ruwan sama akan murabba'in mita 1 lita 1 ce, kenan rufi mai murabba'in mita 100 in aka yi ruwan milimita 20 ya tara lita 2000, ki ƙiyasta ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan yana sauka a kan ƙasar fulawarki. Haka in akwai banɗaki ko bututun ruwa a jikin bangon, a kulle duk famfunan gidan da dare a sa alama a tanki ko a duba mitar ruwa, in da safe ruwa ya ragu to akwai yoyo, mai gyaran famfo zaki fara kira. Akwai kuma gwajin leda, ki yanko farar leda kamar faɗin littafi ki manna a bangon ta ciki ki bi gefenta huɗu da salatif ki barta kwana biyu. In raɓa ta taru ta ƙarƙashinta ruwan daga cikin bango yake, in ta samanta ne to tururin ɗaki ne da rashin iska, maganin wannan buɗe taga ne.

In ya tabbata ƙasar ce, a kwashe ta gaba ɗaya daga jikin bangon har sai layin ledar ya fito da santimita 15 ɗin nan. A gyara ƙasar wajen ta zama tana gangarawa nesa da gini, gangaren santimita 15 a cikin mita 3 na farko ya wadatar. Tsakanin bango da shuka a bar fili kamar rabin mita zuwa mita 1, a zuba tsakuwa ko a yi siririn kankare mai gangare, amma ki tsaya a kan birkilan kar ya ɗaga kankaren ya sake rufe layin, wannan kuskuren ana yawan yinsa kuma mayar da hannun agogo baya ne. Fulawowin ki ciro su da ƙasar saiwarsu da yamma in rana ta yi sanyi, ki mayar dasu sabon wurin ko manyan tukwane da aka ɗora kan bulo, ki basu ruwa nan take, zasu ɗan yi yaushi kwana kaɗan su farfaɗo. Sannan ki rage tiyo, yawancin fulawowin da suka kama ƙasa basa buƙatar sau biyu a rana, ki cusa yatsa a ƙasar in da laima ki bari sai gobe, ki riƙa zubawa a gindinsu da bokiti ko butar ban ruwa kar ya riƙa fallatsa bango. In kina da niyyar dasa bishiya a wajen ma ki nisanta ta sosai, musamman masu yawon saiwa irin cediya da durumi, saiwar bishiya tana wuce iyakar inuwarta kuma laima take bi.

Yanzu ɓangaren da mutane basa so, wato jira. Ƙiyasin da masu wannan aiki ke amfani dashi shine bango yana bushe kaurin milimita 25 a wata guda, kenan bango mai kauri zai iya cin watanni, in lokacin bushewar iska ne ya fi sauri. Ki kankare fentin da ya kumbura, ki goge gishirin a bushe da burushi mai tauri, kar ki wanke da ruwa dan narkewa zai yi ya koma ciki. Ki janye gado da wadrob daga jikin bangon, ki leƙa bayansu in akwai fumfuna a goge, mai gogewa ya sa safar hannu da takunkumi, kar kuma a haɗa bilic da wani maganin wanki, mai asma da yara su bar ɗakin lokacin. In akwai soket a inda danshin yake a daina amfani dashi har mai gyaran wuta ya duba, wannan ban yarda a jinkirta shi ba.

Filastar da gishiri ya cinye bata gyaruwa da fenti, a sassaƙe ta har kamar santimita 30 sama da inda danshin ya tsaya, a bar bulon ya sha iska sannan a yi sabuwa da yashi mai tsafta da maganin hana ruwa da ake zubawa a kwaɓin siminti. A bata aƙalla sati huɗu kafin fenti, kuma fentin ruwa za a fara sawa dan yana barin bango ya yi numfashi. In bayan duk wannan maigida yana son tayil dan ado, babu laifi ya sa. In kuwa an tone aka tarar babu ledar kwata-kwata, ko aka ga tsaga a bangon tana ƙara buɗewa, to a kira injiniyan gini ya zo ya gani da idonsa kafin a taɓa komai.

Ranar da aka kwashe ƙasar ki ɗauki fensir ki zana layi a daidai bakin danshin ta cikin ɗaki ki rubuta kwanan wata a gefe, duk sati biyu ki duba ki sake zanawa. In layin yana sauka ƙasa an kama bakin zaren, sai ku ci gaba da jira, in ya tsaya cak ko yana hawa bayan wata biyu to akwai wata hanyar ruwa da ba a gano ba, sai a koma kan bututu da indararo.