Amsa ga mai koyon aikin rediyo kan shirin al'adu

Ɗana, ka tambaye ni yadda za ka cika awa biyun da aka ba ka kowane daren Alhamis a nan Gadarif, a gabashin Sudan, inda ake son ka haɗa tsoffin waƙoƙi da wasan kwaikwayo da jawabin malami, ka kuma ce kana tunanin datse kowanne zuwa minti biyar don kada mai sauraro ya gaji. Shawarata ita ce ka rage yawan abubuwan, ka bar wa kowanne tsawonsa.

Da BBC ta buɗe tasharta ta uku a 1946 domin kiɗan gargajiyar Turawa da wasanni da laccoci, ba ta ware wa labarai tsayayyen lokaci ba, don kada agogo ya katse wasa ko kiɗa kafin ya kai ƙarshe. Masar ta buɗe irin tata a 1957. Amma ba sai ka je nesa ba. Rediyon Omdurman, wanda ya fara aiki a 1940, ya shafe shekaru tun daga 1958 yana watsa tafsirin Farfesa Abdullahi Ɗayyib, wanda ya taɓa shugabantar Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano, Shehu Siddiƙ Ahmad Hamdun yana jan baƙi, Farfesan kuma yana bayani da Larabcin da mutanen kasuwa ke ji. Zurfin ilimin bai kori kowa ba, domin magana yake yi da mutane.

Saboda haka kada ka bar malaminka ya shigo da takarda ya karanta. Makirifo yana ɗaukar motsin takarda, kuma muryar mai karatu tana kwanciya tun a shafi na biyu. Ka zauna gabansa, ka yi masa tambayar da manomi zai yi, ka naɗi minti arba'in, sannan ka tace zuwa ashirin da biyar ba tare da ka karya masa hujja ba.

Abin da zai riƙe shirin shi ne zance ɗaya a dare ɗaya. Idan malam zai yi bayanin yadda kakanninmu suka biyo hanyar hajji bayan yaƙin Burmi na 1903 har aka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu, to wasan ya kasance na ayari a kan hanya, waƙar kuma ta begen Annabi ce. Wani daren kana iya jera waƙar haƙiba, wato tsohon salon waƙar Sudan, da goge ko garaya, ka ambaci A'isha Falatiya, 'yar Hausawa da ke cikin matan farko da suka rera waƙa a Rediyon Omdurman. Ka faɗi mai waƙar da zamaninsa kafin ta fara, sannan ka yi shiru har ta ƙare. Ban ga ɗabi'ar da ta fi yin surutu a kan tsohuwar waƙa muni ba.

Wasan ne zai fi cin ƙarfinka. Muryoyi huɗu sun isa, kuma su riƙa kiran juna da suna tun farko, tunda mai sauraro ba ya ganin fuska. Ka ajiye tiren yashi a ƙasa domin takun sawu, wanda zai yi magana daga nesa kuma ya juya wa makirifo baya maimakon ya rage murya.

Ka fara da waƙa bayan sallar isha'i, jawabi ya biyo tun hankali na nan, wasa ya rufe. Lokacin yankan riɗi mutane kan kwanta da wuri, don haka ka nemi a maimaita shirin ranar Juma'a bayan la'asar.