Zauren Shari'a: Mayar da Ƙara Daga Wata Kotu Zuwa Wata

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Muna shari'ar gona da ɗan baffana a kotun shari'ar Musulunci ta ƙaramar hukumarmu, har shaiduna uku sun riga sun ba da shaida, sai na samu labarin cewa alƙalin yana auren ƙanwar abokin shari'ata. Ko doka ta ba ni damar neman a mayar da ƙarar wata kotu? Daga wani mai karatu a Jihar Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Doka ta ba ka wannan damar, domin sashe na 36(1) na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa duk mai neman haƙƙinsa a saurare shi a gaban kotun da ba ta karkata ga kowane ɓangare ba. Ba sai ka tabbatar da cewa alƙalin ya yi son kai ba; ya isa a nuna cewa mai hankali, idan ya ji irin wannan surukuta, zuciyarsa ba za ta kwanta da hukuncin ba.

Ka fara da alƙalin kansa. A zama na gaba, kai ko lauyanka ku miƙe cikin ladabi ku bayyana dangantakar, ku roƙi ya janye daga shari'ar, kuma ku nemi a rubuta roƙon cikin littafin kotu, saboda abin da ba a rubuta ba yana da wuyar kafa hujja da shi a gaba. Idan ya ƙi, sai ka rubuta takardar koke zuwa ga Alƙalin Alƙalai na jiha, wato Girandi Kadi, ta hannun sufeton kotuna, ka sa lambar ƙarar da sunan kotun, ka faɗi yadda auren yake da waɗanda za su iya tabbatar da shi. Ka guji zagi da zargin cin hanci da ba ka da shaidarsa, domin irin wannan takarda tana iya juyowa kan mai ita.

Ina so masu karatu su rarrabe tsakanin irin dalilinka da abin da ke kai mutane da yawa ofishin sufeto. Don alƙali ya ƙi ɗage zama, ko ya ƙi karɓar wata takarda, ko ya ɗaga murya, wannan ba dalilin canza kotu ba ne. Maganinsa ɗaukaka ƙara. Da ana biye wa kowane mai fushi, da babu shari'ar da za ta ƙare.

Sai dai ka shirya wa wahalar da ke biyo baya. Sabon alƙali zai faro shari'ar daga tushe, domin bai ga shaidun nan da idonsa ba, kuma a rikicin gona shaidu galibi dattawa ne da suka san kan iyaka, suka san wace tsamiya ce ta raba gonar wane da ta wane. Ka tabbatar za su iya dawowa. Haka kuma ka ci gaba da halartar zaman kotun har sai umarnin mayarwa ya fito, kuma ka hanzarta, domin da zarar an yanke hukunci ƙofar neman mayar da ƙarar ta rufe.

Tambaya: Barista, na kai wani kamfani Babbar Kotun Tarayya kan kuɗin kayan da na kai masa, lauyansu ya ce kotun ba ta da hurumi. Ƙarata ta mutu ke nan? Daga wata 'yar kasuwa a Kaduna.

Amsa: Ba ta mutu ba, Hajiya, kodayake lauyan nasu yana da gaskiya. A shari'ar Onuorah da matatar mai ta Kaduna a 2005, Kotun Ƙoli ta yanke cewa rikicin ciniki zalla ba ya cikin hurumin wannan kotu. Amma sashe na 22 na dokar da ta kafa ta ya hana ta korar ƙara don kawai an yi kuskuren kotu, ya ce ta miƙa ta ga Babbar Kotun Jiha. Lauyanki ya gabatar da wannan roƙo yanzu, tun kafin alƙali ya yanke hukunci kan batun hurumin.